Fankar Injin Mota: Me Ya Sa Take Tsayawa, Kuma Me Tsayawarta Ke Jawowa?

Duk wanda ya lura da giwa da tsakar rana zai ga ba ta daina kaɗa kunnuwanta. Ba ƙuda kaɗai take kora ba. A cikin fatar kunnen akwai jijiyoyin jini masu ɗimbin yawa. Jini mai zafi yakan zo daga cikin jiki ya ratsa su, iskar da kunnen ya kaɗa ta kwashe zafin, sa'an nan jinin ya koma ciki da sanyinsa. Wannan ita ce dabarar da ke ƙarƙashin murfin injin mota. Ruwa shi ne jinin, famfon ruwa shi ne zuciyar, lagireto shi ne kunnen, fanka kuwa ita ce mai kaɗawa.

Dalilin buƙatar wannan tsari shi ne, daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya ƙafafun mota bai cika wuce kashi 1 cikin 3 ba. Sauran yakan zama zafi: wani ya fita ta salansa, wani kuma dole ruwa ya ɗauke shi. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa 105 na ma'aunin Salshiyas. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi, ta yadda ba zai tafasa ba sai ya kai kimanin digiri 120. Ke nan tazarar da ke tsakanin lafiyar inji da lalacewarsa ba ta da yawa. Raƙumi yana iya barin zafin jikinsa ya tashi daga digiri 34 da asuba zuwa wajen 41 da rana, ya sauke shi da dare. Inji ba shi da wannan haƙuri.

Idan mota tana gudu a kan babbar hanya, iskar da ke bugun gabanta ta isa ta sanyaya lagireto. Amma a cunkoson motoci, musamman a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, babu iska sai wadda fanka ta jawo. Saboda haka babbar alamar mutuwar fanka ita ce: allurar agogon zafi ta hau idan an tsaya, ta sauko idan an kama hanya. Sau da yawa na'urar sanyaya cikin mota ma takan daina ba da sanyi a tsaye.

Fankoki iri biyu ne. A tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, inji ne ke juya fanka da fambel. Idan fambel ya yi sako-sako ko ya tsinke, fanka da famfon ruwa sukan tsaya tare. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, kamar Volkswagen Golf da ta fito a 1974 da akasarin ƙananan motocin yau, fanka tana da ɗan injinta na lantarki, kuma ba ta tashi sai an umarce ta.

A nan ne ɗalibin ilimin halittu zai gane abin da ya riga ya sani. A jikin ɗan Adam, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos ne ke auna zafin jini; idan ya haura digiri 37 sai ya aika saƙo ta jijiyoyi, gumi ya karyo. Haka a mota: akwai ma'aunin da ke tsome cikin ruwa, akwai makunni ko ƙwaƙwalwar mota mai yanke hukunci, akwai wayoyi da fis da rile masu kai wuta, sa'an nan akwai fanka mai zartarwa. Ko wane ɗaya ya gaza, sakamakon ɗaya ne. Fis yakan ƙone, bakin rile yakan cinye, mahaɗar waya takan yi tsatsa, gawayin da ke cikin injin fanka yakan ƙare, ƙurar hunturu kuma takan daskarar da shi. Har ila yau, idan ruwa ya ragu ƙwarai, ma'aunin yakan zauna a busasshen wuri ya kasa ba da labarin gaskiya. Don haka bakanike mai hankali yakan fara da fis da rile, waɗanda su ne mafi araha, kafin ya ce a sayi sabuwar fanka.

Abin da ke biyo baya ba ƙarami ba ne. Kan injin yawancin motocin zamani na alminiyam ne, wanda ke lanƙwashewa idan zafi ya yi yawa. Gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, a ƙarshe fistin ya kame a cikin silinda. Fis ɗin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba sai ya jawo sauke inji.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu, wato a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye da wuta don ta yi ta juyawa ba tsayawa. Hujjar ita ce wai ƙasarmu ta zafi ce. Wannan ɓoye cuta ne, ba magani ba. Tamostat ƙofa ce da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama. Idan babu ita, inji yakan daɗe da sanyi, ya ƙara shan mai, sassansa su riƙa cin juna. Fankar da ba ta hutawa kuma takan mutu da wuri. Jikin da ke gumi dare da rana, har cikin sanyin Janairu, ai ba lafiyayye ba ne.

Idan allura ta doshi ja, direba ya kashe na'urar sanyaya, ya sauka gefen hanya, ya kashe inji. Kada ya buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, domin ruwan da ke matse zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. Kada ya kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Kada kuma ya sa hannu kusa da fankar lantarki, domin a motoci da yawa tana iya tashi ko da an zare makulli.

Malamai na iya nuna wannan a aji. A zuba ruwan zafi daidai wa daida a gwangwanaye 2, a rufe su, a soka ma'aunin zafi ta kowane murfi. A ajiye ɗaya gaban fanka, ɗaya nesa da ita, ɗalibai su riƙa rubuta awo duk bayan minti 2. Kafin a tashi darasi, bambancin alkaluman zai nuna musu aikin da kunnen giwa da fankar mota ke yi.