Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban



A babin ruwa na littafin Ishmawi mun koyi cewa muddin launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, to alwala ta inganta da shi. Wannan hukuncin ibada ne. Sha kuwa wata magana ce, domin ƙwayar cutar kwalara ba ta sauya launi, ba ta sauya wari. Ruwa ya yi garau, amma ya kwantar da gida guda. A 2021 annobar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, akasarinsu a nan Arewa.

Ruwan famfo ana tace shi a matatar ruwa, a sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Matsalar a hanya take. Bututu ya tsufa ya fashe, ga shi ya ratsa ta cikin kwata. Da an ɗauke ruwa sai ƙazanta ta kutsa ciki. Saboda haka ruwan farko bayan an dawo da shi, a bar shi ya zuba a bokitin wanki. Na sha kuwa a tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul na minti 1, a bari ya huce a rufe.

Ruwan roba da na leda fa? Wasu sun ɗauka tunda a rufe yake, shi ke nan. Ai shi ma daga rijiyar burtsatse ko famfo aka ɗebo shi, aka tace. Ku duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Kuma ku yara, ledar da kuke fasawa da haƙori, hannu nawa ta bi? A ɗauraye ta tukuna. Ni a ganina, tafasasshen ruwan famfo ya wadatar da magidanci, kuɗin roba ya sayi hatsi.

Abinci ma yana shayarwa, kusan kashi 1 cikin 5 na ruwan da ke shiga jiki daga nan yake. Kankana kashi 92 cikin 100 ruwa ce, gurji ya ma fi haka, ga kunu da koko da miya, abin da mai azumi zai kula da shi a sahur. Sai dai fura da ruwan da aka dama ta take tafiya.

Iyaye mata, a rufe randa, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu, kada yaro ya tsoma kofin da ya sa a baki.