Yadda Ake Cike Takardun da Aka Yi wa Sikanin a Kwamfuta, da Iyakar Gyaran da Doka ta Amince da Shi

A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikin takardun da jama'a ke buƙata daga hukumomi suna isowa ne ta intanet ko ta wayar salula. Akwai fom ɗin neman tallafin karatu, da na rajistar ƙungiyar manoma, da na neman aiki, da sauran makamantansu. Sau da yawa akan tarar ba a tsara waɗannan takardu domin a cike su a kwamfuta ba. Takarda ce kawai aka ɗora a kan na'urar sikana, aka ɗauki hotonta, aka aiko wa jama'a.

Wannan kan jawo wa mutanenmu na karkara ɗawainiya. Mutum zai baro ƙauyensu zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ya biya a buga masa fom, ya cike da biro, sannan ya sake biya a yi masa sikanin kafin a aika. Idan ya yi kuskure a wuri ɗaya, sai a koma farko. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai waɗanda saboda rashin sani suke sa a canza musu suna ko shekarar haihuwa a jikin hoton takardar shaida, ba tare da sun san cewa sun jefa kansu cikin babban laifi ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi bayani a kan yadda ake wannan aiki, da kuma inda iyakarsa take.

Mece ce takardar da aka yi wa sikanin?

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne, takardar da aka yi wa sikanin hoto ce, ba rubutu ba. Idan muka rubuta wasiƙa a kwamfuta, na'urar ta san kowane harafi, shi ya sa muke iya goge kalma mu sa wata. Amma idan muka ɗauki hoton wasiƙar, abin da kwamfuta ke gani shi ne ɗimbin ɗigo-ɗigo baƙaƙe da farare, kamar yadda take ganin hoton mutum ko na gona. Wannan ne dalilin da ya sa idan aka danna kan kalma domin a gyara, sai ta ƙi motsi.

Galibi akan adana irin waɗannan takardu a tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, ya kuma zama ma'aunin da duniya ta amince da shi a 2008. Amfaninsa shi ne takarda ba ta sauya kama ko a wace na'ura aka buɗe ta. Wani lokaci kuma akan adana su a tsarin hoto na JPEG. Hanya mafi sauƙi ta gane irin takardar da ke hannunmu ita ce mu gwada zaɓar kalma ɗaya. Idan ta zaɓu, akwai rubutu na ainihi a ciki. Idan kuwa shafin ne gaba ɗaya ya zaɓu, to hoto ne.

Ɗaukar hoto mai kyau

Duk aikin da zai biyo baya ya dogara ne a kan kyawun hoton. A miƙar da takardar, a kakkaɓe ƙura, a cire ƙusar sitefula, sannan a ɗora ta daidai ba a karkace ba. A saita na'urar a kan ɗigo 300 a kowane inci, domin wannan ya isa ga rubutun da aka buga. Idan takardar ba ta da hoto ko hatimi mai launi, a ɗauke ta a baƙi da fari, saboda hakan yana rage nauyin fayil, yana kuma sauƙaƙa aikawa a wuraren da layin sadarwa ba shi da ƙarfi.

Inda babu sikana, wayar salula mai kyamara tana iya yin aikin. A shimfiɗa takardar a kan tebur ko allo, a wuri mai haske amma ba cikin rana kai tsaye ba, a riƙe wayar a saman takardar daidai, a kuma kula kada inuwar hannu ta faɗa kanta. Manhajoji irin su Adobe Scan da Google Drive suna daidaita gefunan takarda su mayar da ita PDF. Kafin a tashi, a duba a tabbatar cewa kusurwoyi huɗu sun fito, kuma ana iya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi.

Cike fom a kan hoton

Cike fom ba ya buƙatar taɓa rubutun da ke jikinsa. Abin da ake yi shi ne a ɗora sabon rubutu a kan guraben da aka bari, tamkar yadda ake yi da biro. Manhajar Adobe Acrobat Reader, wadda kyauta ce, tana da sashen cikewa da sa hannu. Haka nan Microsoft Edge, da ke zuwa tare da Windows 10 da 11, yana ba da damar ƙara rubutu a kan PDF. Akwai kuma LibreOffice Draw, shi ma kyauta. Da zarar an sanya waɗannan a kwamfuta, ana iya wannan aiki ko babu intanet.

Matakan su ne kamar haka. Da farko a yi kwafin fayil ɗin, a ajiye na asali ba tare da an taɓa shi ba. Sai a buɗe kwafin, a zaɓi alamar ƙara rubutu, a danna kan gurbin da ake so, a rubuta. A daidaita girman haruffa yadda za su zauna a kan layi ba tare da sun hau kan rubutun fom ɗin ba. Inda aka yi akwatuna ƙanana, kamar na lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN, waɗanda kowacce ke da alƙaluma 11, a tabbatar kowane alƙalami ya shiga akwatinsa. Bayan an gama, a adana da suna mai ma'ana, wanda ya ƙunshi irin fom ɗin da ranar da aka cike, sannan a rufe a sake buɗewa domin a ga ko rubutun ya zauna.

Muna jan hankalin masu cike wa wasu, musamman waɗanda ba su iya karatun boko ba, da su karanta musu duk abin da aka rubuta kafin a sa hannu. A kuma rubuta suna daidai da yadda yake a katin shaida. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed, ko Abubakar da Bukar, ya isa ya sa a dawo da takarda.

Game da sa hannu kuwa, mutum zai iya sa hannunsa a kan farar takarda, a ɗauki hoton, a ɗora a gurbin. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da sa hannu ta na'ura, amma akwai ofisoshin da ke buƙatar sa hannu da biro ko dangwala yatsa a gaban jami'i. Don haka a fara tambaya. Kada kuma a ɗora sa hannun wani ba da izininsa ba.

Mayar da hoto ya koma rubutu

Wani lokaci buƙatar ta wuce cike gurbi. Misali, sakataren ƙungiya na da tsohon kundin tsarin mulkinsu da aka buga da tafireta, ana son a sabunta shi. Maimakon a sake bugawa daga farko, akan yi amfani da fasahar gane haruffa, wadda masana ke kira OCR a taƙaice. Tana duba siffar ɗigo-ɗigon nan, ta kintaci harafin da suke nufi, ta fitar da rubutun da za a iya gyarawa. Idan aka ɗora hoto ko PDF a Google Drive, aka buɗe shi da Google Docs, zai fitar da rubutun da ke ciki.

Sai dai wannan fasaha kintace take yi, tana kuma yin kuskure. Takan rikita sifili da harafin O, da alƙalamin 1 da ƙaramin harafin l. A rubutun Hausa, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k, sai ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. Layukan jadawali sukan wargaje. Rubutun hannu, na boko ne ko na ajami, ya fi ba ta wahala ƙwarai. Saboda haka wajibi ne a ɗauki takardar asali a gwada da abin da ya fito, layi bayan layi, musamman sunaye da ranaku da adadin kuɗi. A kuma sani cewa abin da ya fito sabuwar takarda ce, ba ta da matsayin ta asali har sai mai ikon sa hannu ya duba ya amince.

Inda gyara ke zama laifi

A nan ne muke son jama'a su natsu. Cike gurbin da aka bar mana domin mu cike halal ne. Gyara takardar da mu muka rubuta, kafin a sa mata hannu, shi ma babu laifi. Amma takardar da wata hukuma ta riga ta bayar da sa hannu da hatimi, kamar takardar haihuwa, ko ta shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar fili, ko rasiɗin haraji, ba mu da ikon canza ko harafi ɗaya a jikin hotonta, ko da mun tabbata cewa hukumar ce ta yi kuskure.

Yin haka ƙirƙirar takardar jabu ne. Sashe na 364 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, ko tara, ko duka biyun. Har ila yau, sashe na 13 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 3 ba, ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 7 ba, ko duka biyun, ga wanda ya sauya bayanai a kwamfuta domin a ɗauke su a matsayin na gaskiya. Mai shagon kwamfutar da ya yi aikin, da wanda ya sa shi, kowannensu na iya fuskantar tuhuma.

Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gyaran da aka yi a kan hoto bai taɓa rajistar da ke ofishin da ya ba da takardar ba. Ranar da aka je tantancewa, rajistar za a buɗe. A lokacin ne mutum zai rasa aikin da ya samu, ko gurbin karatu, ko ma gonar da yake da gaskiya a kanta.

Hanyar da ta dace ita ce a koma wurin wanda ya ba da takardar. Kuskure a bayanan NIN, hukumar NIMC ce ke gyarawa. Takardar haihuwa kuwa ta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce. Sakamakon jarrabawa sai WAEC ko NECO, gwargwadon wadda ta shirya. Batun fili kuma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a yankunan da ba birni ba, gwamna kuma ke ba da na doka, don haka ofishin filaye na wanda ya bayar za a nufa.

Kira ga jami'ai da masu shagunan kwamfuta

Muna shawartar jami'an ƙananan hukumomi da kada su yanke hukunci a kan hoton takarda kaɗai a al'amari mai muhimmanci. A nemi ganin ta asali, ko kwafin da ofishin da ke riƙe da ita ya tabbatar da hatiminsa, kamar yadda sashe na 104 na Dokar Shaida ya bayyana. A lura da haruffan da suka bambanta da sauran, da wurin da ya fi kewayensa fari, da rubutun da bai zauna kan layi ba. Haka kuma, yin sikanin tsofaffin fayiloli yana kare bayanai daga gara da gobara da ambaliya, amma ba dalili ba ne na zubar da na asali. Idan ofis zai fitar da sabon fom, ya fi kyau a tsara shi a kwamfuta da guraben cikewa, a kan a aika wa jama'a hoto.

Masu shaguna kuma su tuna cewa takardun jama'a amana ce a hannunsu, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan wasu. Shi ma wanda aka yi wa aiki ya karɓi fayil ɗinsa a wayarsa ko a filash, ya tsaya ya ga an goge hoton katinsa da na sa hannunsa daga kwamfutar kafin ya bar wurin.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyi da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Duk wanda ya ga kuskure a takardarsa, ya ɗauki ta asali ya nufi ofishin da ya ba shi, ya nemi a gyara masa a rajista.