Kafin a Rufe Makaranta: Me Za Mu Kai wa Malam?

Muna gaida mutanen Jega da Kimba, da na Aliero da Sabiyal, da na Maiyama da Andarai da Mungadi, da duk wanda muryarmu ta iske a gona ko a kasuwa ko a tsakar gida.

Zango na uku ya zo ƙarshe. Yara sun gama jarrabawa, malamai na can sun duƙufa a kan tulin takardu da jan biro, nan da 'yan kwanaki za a raba sakamako a tafi dogon hutu. A irin wannan lokaci ne wasu iyaye kan tambayi junansu: malamin nan da ya sha fama da yaronmu shekara guda cur, me za mu kai masa? Wasu kuma tambayar ba ta taɓa zuwa musu a rai ba. Da su duka muke magana a shirinmu na musamman na yau.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwa ba ce a wajen girmama mai koyarwa. Duk wanda ya riƙe allo ya san kuɗin Laraba, 'yan silallan da uwa kan ƙulle wa yaro a bakin riga ya kai wa malam kafin hutun Alhamis da Juma'a. Idan yaro ya kai wata babbar sura ko ya cika izu, a yi tuwo ko waina a kai makaranta sadaka. Ranar sauka kuwa, mai hali ya yanka rago, ya ɗinka wa malam riga. Da damina almajirai da iyayensu su taya malam noma, da kaka a sauke masa damin gero a ƙofar gida, da ƙaramar salla a auna masa zakkar kono. Ku lura da abu guda a cikin wannan duka: babu wanda ya taɓa kai wa malamin allo abin da ba zai amfane shi ba. Mutane sun san gidansa, sun san yawan bakin da yake ciyarwa, sun san watan da rumbunsa ke yin ƙasa. Sanin nan shi ne ya sa kyautarsu take faɗawa daidai inda ake bukata.

Akwai kuma wata godiyar da ta fi hatsi daɗewa. A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan malaman da ya yi karatu a wurinsu, wato Ida'un Nusukhi. Ya faro daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, ya zo kan wansa Shehu Usmanu wanda ya karɓi ragamar karatunsa tun yana ɗan shekara 13, ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauran shehunnai, kowanne da littafin da aka karanta a gabansa. Mutumin da ke riƙe da yammacin daula, ga yaƙi ga shari'a ga rubuce-rubuce, bai ga ya fi ƙarfin ya tsaya ya lissafa waɗanda suka koya masa ba. Saboda wannan littafi ne aka san sunayen wasu daga cikinsu har yau. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, yanzu sunansa take amsawa.

To, da boko ya zo, sai aka bar malaminsa a baya. Ana cewa, ai gwamnati ke biyansa. Gaskiya ne ana biyansa, kuma haƙƙinsa ne a biya shi da kyau, a kan kari. Ɗan garin Jega, Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, a zamanin soja, yana fafutukar a gane cewa ladan malami ba alfarma ba ce. Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, kafin ya zo gidan gwamnatin Kebbi a 2023. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin sabon tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritaya 65, ko shekara 40 ana aiki. Albashin na musamman kuwa, malamai da yawa suna nan suna zuba ido. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, malamin da ke hawa babur daga cikin Jega zuwa wata makarantar ƙauye kullum safiya, shi ya san abin da tanki ke ci a cikin albashinsa. Don haka kada wani ya ɗauka kwandon albasa ko turmin atamfa zai biya wannan bashi. Wannan yana wuyan hukuma. Abin da ke wuyanmu mu iyaye shi ne mu nuna wa malam cewa mun gani, kuma mun gode.

Kafin a zo ga me za a saya, akwai maganar yaushe za a bayar, kuma a ganina ita ce mafi nauyi. Kada a kai wa malami komai sai an raba sakamako, an san wanda ya wuce da wanda zai maimaita aji. Kyautar da ta riga maki isa gidan malam, ko da zuciya ɗaya aka yi ta, tana jefa shi cikin tsaka mai wuya: ya karɓa a ce an saye shi, ya mayar a ce ya wulaƙanta mutane. Malamanmu na addini kan kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi faɗa a kan haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da ba wanda zai kawo masa. Labarin yana cikin Buhari da Muslim. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar wani abu a kan aikin da ya yi ko ya ƙi yi, ya bar ƙofar kyautar 'yan uwa da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Saboda haka a yi ta a sarari, da sanin hedimasta, bayan an rufe rajista, kuma kada ta yi girman da za ta sa malam jin nauyin wani yaro fiye da sauran idan an dawo hutu. Yaro ma yana kallo. Idan ya ga an kai buhun shinkafa ana saura mako guda jarrabawa, ya koyi wani darasin da ba ya cikin manhaja.

Yanzu sai zaɓe. Wata al'ada ta shigo mana daga makarantun kuɗi na manyan birane, ta allon katako ko na gilashi mai rubutun yabo da ruwan zinare, da hoton malam a cikin firam. Ba laifi ba ne, amma a tambayi kai: malamin da ke zaune a ɗaki biyu na haya da iyali, a ina zai rataya na bana kusa da na bara? Kuɗin allo ɗaya zai sayi abin da za a mora wata da watanni.

Ku leƙa gidan malamin firamare bayan sallar isha'i a makon jarrabawa. Yana zaune a tabarma, takardun yara a jibge a gefensa, ya jingina waya da kofi yana haska fitilarta don babu wuta, ga sauro, ga ƙwarin damina suna faɗowa a kan takarda. Can cajin ya ƙare, saura aji guda bai duba ba. Wanda ya ga wannan ba sai an gaya masa me zai saya ba: fitila mai caji da hasken rana, irin wadda ake iya cajin waya a jikinta, tana nan a shagunan kasuwar Jega. Haka rigar ruwa ga mai hawa babur, da jaka mai ƙwari wadda ruwa ba ya ratsawa don littafin shirin darasi da rajista.

Sannan kada a manta yawancin malamanmu manoma ne. Ƙarshen shekarar karatu a watan Yuli yake faɗowa, lokacin da gero ke neman taki, hatsin bara ya ja baya, na bana bai nuna ba. Idan iyayen aji guda suka haɗa hannu suka sayi buhun taki, ko suka ɗauki wuni ɗaya a cikin hutu suka yi masa gayyar maimai, sun yi masa abin da zai gani a rumbu. Manomin Aliero da ya adana albasarsa a rudu tun girbin rani yana jiran ta yi kuɗi, ya ɗebi kwando guda mai kyau ya aika. Kwando ya fi buhu a wannan lokaci, don albasa ba ta jure laimar damina a ɗakin da ba a tanada mata ba. Mai shinkafar fadama a Maiyama ya auna kwano biyu ko uku na gyararriya. Mai shanu ya aika da man shanu. Abin da ka noma da hannunka ba ya buƙatar takardar naɗi.

Idan tufafi aka zaɓa, yadi biyar na shadda ga malam, turmin atamfa ga malama, to a haɗa da kuɗin ɗinki. Sau da yawa yadi kan kwana a akwati har wata salla saboda babu na tela. Kuma kyautar malama, a bar uwar yaro ko yayarsa ta kai mata. Wannan ya fi mutunci gare ta da gidan aurenta.

Haɗa hannun nan yana da kyau, amma akwai inda yake ɓaci. Da zarar an yanka wa kowane yaro adadi, an rubuta sunaye a allo, ana kiran waɗanda ba su kawo ba a gaban 'yan aji, to an bar godiya an koma haraji. Akwai marayu a ajin, akwai 'ya'yan da ko na karin kumallo ba a ba su ba. Yaron da aka kunyata saboda kyautar malam zai iya ƙin dawowa makaranta gaba ɗaya, kuma jiharmu ba ta da yaran da za ta yi asararsu. Iyaye su yi abinsu tsakaninsu a ƙungiyar iyaye da malamai, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa ba tare da an bayyana ba, a miƙa da sunan aji duka. Malami kuma kada ya roƙa, kada ya yi shaguɓe, kada ya tambayi wa ya bayar da nawa.

Wa ake mantawa? Malamar aji ɗaya, wadda ta karɓi yaro yana kuka yana neman uwarsa, ta riƙe hannunsa har ya iya rubutu. Galibi sai a tuna da malamin aji shida kawai, don shi ne na kusa da jarrabawar fita. Akwai malaman sa kai da ke koyarwa a makarantun ƙauye ba su cikin jerin masu albashi, sai ɗan abin da aka tattara musu. Idan abin da aka samu kaɗan ne, su ya kamata a fara dubawa. Akwai 'yan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, suka yi shekara suna koyar da lissafi da kimiyya nesa da iyayensu. Ƙullin kilishi da rakiya zuwa tasha sun isa su tafi da labarin kirkin mutanen Kebbi. Ga mai gadi da mai shara. Malaman Islamiyya kuwa, yawanci shekararsu a Sha'aban take ƙarewa, gab da azumi, lokacin da gero da sukari da dabino suka fi komai amfani a gida.

Wanda ba shi da ko sisi fa? Ya sa yaron ya ciro takarda daga tsakiyar littafinsa, ya rubuta wa malam wasiƙa da hannunsa, ya faɗi abu guda takamaimai da ya koya a bana wanda da bai iya ba: raba lamba mai tsawo, ko karanta wasiƙar da aka aiko wa kakarsa. Kada babba ya gyara masa rubutun. Sannan uban ya saka rigarsa, ya taka har makaranta ranar rufewa, ya yi sallama, ya miƙa wa malam hannu ya ce, "Malam, mun ga ƙoƙari, Allah ya saka da alheri." Akwai malaman da suka shekara suna koyar da yaro ba su taɓa ganin fuskar mahaifinsa ba sai ranar da aka zo ƙorafi.

Ku kuma da kuka girma, 'yan kasuwa da ma'aikatan lafiya da injiniyoyi da kuka fito daga firamaren Jega da Aliero da Maiyama, malamanku na aji uku da yawa suna raye, sun yi ritaya, wasu ido ya yi rauni, wasu suna fama da hawan jini. Hutun nan da za ku zo gida, ku tambayi inda suke. Ku je ku zauna, ku faɗi sunanku da shekarar da kuka gama, ku tambayi wane magani suke sha da inda ake sayensa, ku bar lambar wayarku a hannun wani na gidan.

A nan za mu dakata a shirin na yau. Allah ya ba yaranmu sakamako mai kyau, ya ba mu damina mai albarka.