Lura da Motsin Ƙasa da Tsagewar Katangar Tare Ƙasa

Gabatarwa

Garin Gombe yana kan gangare ne daga yamma zuwa gabas, kuma ƙasarsa mai rairayi ce a wasu wurare, mai laka a wasu. Saboda haka ruwan damina kan sauko da ƙarfi yana haƙa kwazazzabai. Ambaliyar watan Agusta 2004 ta ci rayuka da gidaje. Daga baya shirin NEWMAP ya gyara kwazazzabon Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna da Kagarawal. A unguwar GRA da makamantanta, masu lambu kan gina katangar siminti ko ta dutse domin tare ƙasa. Da wuya irin wannan katanga ta faɗi ba tare da ta nuna alama ba. Wanda ya lura da wuri zai tsirar da amfaninsa da iyalinsa da maƙwabtansa.

Abin da ke kawo tsagewa

Babban dalili shi ne ruwa. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan 1 ne. Idan ruwa ya taru a bayan katanga bai sami mafita ba, ƙarfin da ke tura ta yana iya ninkawa. Ita kuwa laka kumbura take yi da damina, ta tsuke da rani, har ta motsa tushen gini. Saiwoyin mangwaro da darbejiya da yawan ban ruwa kusa da katanga suna ƙara matsalar.

Yadda ake lura

1. A ja layi da fenti a ƙarshen kowace tsaga, a rubuta kwanan wata. Idan ta wuce layin, tana ƙaruwa ke nan.
2. A kafa ƙusa a kowane gefen tsaga, a riƙa auna tsakaninsu da rula.
3. A ɗaura dutse a zare, a sako shi daga saman katanga, a auna tazarar zaren da gindinta. Canjin tazara yana nufin katanga tana karkata.
4. A duba ƙasar da ke bayan katanga ko ta dare ko ta lotsa.
5. Bayan ruwan sama, a duba ƙofofin fitar ruwa. Idan ba sa zubarwa, sun toshe.

A yi awo sau ɗaya a wata da rani, kowane mako da damina, musamman a Yuli da Agusta. A ajiye sakamakon a littafi guda domin malamin gona ya gani.

Matakin da za a ɗauka

Siririyar tsaga da ba ta canzawa, ana iya cike ta da siminti. Amma idan faɗinta ya wuce milimita 5, ko tana ƙaruwa, ko ta bi katanga a kwance, ko katangar ta yi ciki, shafe ba zai yi magani ba. A kawar da yara da dabbobi daga wurin, a dakatar da ban ruwa, a nemi injiniya nan da nan.

Rigakafi

A buɗe ƙofofin fitar ruwa kafin ruwan farko, a zuba tsakuwa a bayansu. A karkatar da ruwan indararo zuwa magudana. A dasa jema jere-jere a saman gangare, domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Kada a tara yashi ko bulo a bayan katanga.

Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona na yankinku.