Hanyoyi Uku Na Bayan Kumasi Da Tsohon Babur Ke So

Duk wanda ya kwana biyu a zangon Kumasi ya san babur a wurinmu kayan aiki ne. Da shi ake kai yara makaranta, da shi ake bin bashi, da shi ake ratsa cunkoson Kejetia idan motoci sun tsaya cik. To amma akwai wasu 'yan tsiraru, galibinmu mun haura hamsin, da muke da wani tsohon babur a bayan gida a lulluɓe da tamfol. Ba ya dako, ba ya zuwa kasuwa. Ranar Lahadi kaɗai yake fita, daga shi sai mai shi.

Nawa Honda CG125 ne. Kamfanin ya fito da wannan samfuri a 1975, kuma ya ƙera shi ne don ƙasashe irin namu, inda hanya ƙura ce, mai babur kuma kan manta da canjin baƙin mai. Shi ya sa har yau yake numfashi. Amma tsoho tsoho ne. Birkinsa irin na da ne, ba ya kamawa nan take kamar na zamani, fitilarsa kuwa da kaɗan ta fi aci-balbal. Idan ka riƙe shi a kan kilomita 60 a awa, waƙa yake yi. Ka matsa masa ya wuce 80, hannunka ne zai fara gaya maka. Saboda haka shi ke zaɓar hanya, ba ni ba. Yana son hanya mai kwana-kwana, mai ƙauyuka kusa da juna, wadda tirela da motar katako ba su dame ta ba, kuma wadda za ta zagayo da kai gida kafin la'asar ba tare da ka maimaita inda ka bi ba.

Akan tambaye ni dalilin tafiya ni kaɗai. Ɗan kasuwa kwana shida yake yi ana kiran sunansa, kansa cike da lissafi da farashin sidi. Awa huɗu da ba wanda zai ce maka "Alhaji, nawa ka bari?" magani ne. Ban da haka, a tafiyar ayari kowa gudun na gaba yake bi, na gaban kuwa kullum yaro ne mai sabon mashin.

Me ya sa Lahadi? A ƙasar Tonawa, wato Asante, Asabar ranar makoki ce. Za ka shiga ƙauye ka tarar an kafa rumfuna har bakin kwalta, jama'a cikin ja da baƙi, wani wurin ma an tare hanyar baki ɗaya. Lahadi da safe kuwa mutane na coci, hanya taka ce.

Zagaye na farko shi ne na masu sana'a, kuma shi nake ba wanda ya fara, ko mai Vespa da ƙananan tayoyinta ba sa son rami. Ka fita bayan asuba ta titin Akra, ka daure da manyan motoci na kimanin kilomita 20 zuwa Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Daga nan ka saki babban titi ka nufi Bonwire, garin masaƙan kente. Suna saƙa shi ne siriri, faɗin tafin hannu, sannan a ɗinke, kamar dai yadda masaƙanmu na gida ke yi. Ka bi ta Adanwomase ka ɓullo Ntonso, inda ake buga zanen adinkra da hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya, sai ka gangaro ta Ahwiaa da Tafo ka shigo gari. Duka-duka bai wuce kilomita 70 ba, kuma ko babur ya yi gardama ba za ka tura shi da nisa ba kafin ka ga mai faci.

Na biyu shi ne wanda na fi ƙauna, shi ne kuma wanda ya fi bukatar hankali: tafkin Bosomtwe. Ka bi ta Atonsu zuwa Kuntanase, kimanin kilomita 30 daga Kumasi. Bayan Kuntanase hanya za ta yi ta hawa cikin gonakin koko da ayaba, sai kwatsam ka ga ruwa can ƙasa a kwance cikin wani makeken kwano, tsaunuka sun kewaye shi. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce ya haƙa ramin. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, kuma ba kogin da ke fita daga cikinsa.

Daga wannan ƙololuwar zuwa ƙauyen Abono da ke bakin ruwa gangara ce mai tsawo, kwana bayan kwana. A nan ake gane wanda ya san tsohon babur. Birki irin na da, idan ka danne shi tun daga sama ba ka saki ba, zafi yake ɗauka, in ya yi zafi kuma sai ya daina kamawa daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Ka sa giya ta biyu, ka bar inji ya riƙe babur, birki kuma ka taɓa ka saki, ka taɓa ka saki. Masu Vespa da sauran baburan da ake haɗa musu baƙin mai cikin fetur, ku kuma naku daban ne: idan totur na rufe tsawon gangara, man da ke shafa injin ba ya isa, don haka a riƙa ɗan murɗa shi lokaci-lokaci. Kada kuma wani ya kashe inji wai yana tattalin mai. Fetur ɗin da zai rage bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba.

A bakin ruwan ka zauna ka kalli masunta. Ba sa shiga kwale-kwale, a kan falankin katako suke zama suna tuƙi da hannu, saboda Tonawa na girmama tafkin a al'adarsu. Ka guji wurin ranar hutun gwamnati, musamman lokacin Ista, don kiɗa da cunkoso sun fi na gidan biki. Wajen dawowa, in ka hauro Kuntanase ka yanke ta Kokofu zuwa Bekwai, daga can ka kamo hanyar Kumasi.

Kafin in zo kan na uku, bari in yi maganar iyali, tunda na san uwayen gida ma na karanta wannan shafi, kuma su ne hankalinsu ke tashi. Suna da gaskiya. Mutum mai mata da 'ya'ya da bashin mutane a kansa, a ƙasar da ba ta haihuwarsa ba, idan ya faɗi a bayan gari asarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Yarjejeniyarmu da Hajiya ita ce: kafin in tayar da babur ta san zagayen da zan yi da sunayen garuruwan, in na kai tsakiyar tafiya in kira, kuma ba na canza hanya ban faɗa ba. Hular kwano a ɗaure, ba a rataye a hannu ba. Lasisi, inshora, takardun babur da katin shaida suna cikin leda a aljihu, don baƙo ba ya son doguwar magana a shingen 'yan sanda. A ƙarƙashin kujera kuma akwai fulogi, wayar kuloci, tub, famfo da sifana biyu-uku. Duk waɗannan ana samunsu a Magazin na Suame, kodayake kayan asali na tsofaffin Honda sai ka san fitan da ya ajiye su.

Na uku na masu ƙarfin baya ne, ya haura kilomita 100. Ka ɗauki hanyar Mampong ta Agona da Jamasi, inda hanya ke nannaɗe tsauni tana hawa. CG zai yi nishi a nan, ka ba shi giya ta uku ka ƙyale shi. A sama iska ta fi sanyi, kuma a zangon Mampong za ka sami shayi da wurin yin walaha. Wannan hanyar ce ke taɓa ni fiye da sauran, domin ta nan goro ke fita tun zamanin da: Mampong, Atebubu, a haye kogin Volta zuwa Salaga, inda fataken Gwanja daga Kano da Katsina ke jiransa da jakunansu. Abin da suka yi watanni suna takawa a ƙasa, yau kai kana zaune a kan kujera kana ƙorafin ciwon ƙugu.

Daga Mampong kada ka biye wa zuciya ka miƙe Ejura, wannan tafiyar kwana ce. Ka juya ta Nsuta ka fito Effiduase, sannan Juaben da Ejisu. Ɓangaren nan yana da wuraren da ruwa kan ɓata, don haka ba na bin sa daga Afrilu zuwa Yuli, ko a Satumba da Oktoba, sai in an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Lokacinsa shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, ƙasa ta bushe, hazon hunturu bai rufe tsaunukan ba tukuna. Ka cika tanki a Mampong, kuma ka tabbata azahar ta same ka a Effiduase.