Ko Ka San Yadda Siririyar Waya Ke Tafiyar da Haƙori a Cikin Ƙashi?

Ko ka sani, ya kai mai karatu, cewa haƙorin nan da ke bakinka, wanda farin rufinsa ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam, wanda kuma kake zaton an kafe shi ne a muƙamuƙi kafewar da babu motsi bayanta, ana iya sa shi ya bar mazauninsa ya koma wani, da saiwarsa da jijiyarsa, ba a tuge shi ba, ba a zub da jini ba? Abin da ke yin wannan aiki shi ne ƙarfen nan da akan gani a bakin waɗansu yara da manya, wanda jama'a da dama ke ɗauka ado ne irin na haƙorin Makka, alhali kuwa magani ne. In ka ƙura masa ido za ka ga abu uku ne kurum: 'yan ƙananan ƙarafa masu kusurwa huɗu, kowanne an manna shi da gam a fuskar haƙori guda, kowanne kuma da 'yar tsaga a tsakiyarsa; da siririyar waya mai lanƙwasa bisa siffar muƙamuƙi, wadda ta ratsa tsagogin nan duka; sa'an nan da 'yan zobban roba masu launi, waɗanda ke riƙe wayar kada ta fice. Babu inji, babu batir.

Mutanen da sun daɗe da lura cewa haƙori yana karkata in an dame shi da turi. Wani masanin Rum mai suna Celsus, a ƙarni na farko na Miladiyya, ya ba da shawara cewa idan sabon haƙorin yaro ya tsiro a karkace, a riƙa danna shi da yatsa kullum har ya miƙe. Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya bayyana a cikin littafinsa at-Tasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi a jikin maƙwabtansa da zaren ƙarfe, ya kuma fifita zinariya a kan azurfa, domin ita azurfa takan yi tsanwa ta lalace a cikin baki. A 1728 kuma Pierre Fauchard na Faransa ya siffanta wani lanƙwasasshen ƙarfe mai huji-huji, wanda ake ɗaura wa karkatattun haƙora da zare don a jawo su cikin sahu. Dukansu sun ga haƙori na tafiya, amma hikimar da ke ƙarƙashin tafiyar ta ɓuya musu, har sai da Carl Sandstedt, mutumin Suwidin, ya sanya wa karnuka irin wannan ƙarfe, ya duba ƙashin muƙamuƙinsu da madubin likita, ya buga abin da ya gani a 1904.

Ga abin da ya bayyana. Saiwar haƙori ba ta manne da ƙashi ba. Tsakaninsu akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da jijiyoyin jini, wanda kaurinsa bai wuce wajen kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba, kuma a jikinsa haƙorin ke rataye. Idan waya ta tura haƙori, sai tantanin ya matse ta gefen da aka nufa, ya miƙe ta ɗaya gefen. A inda ya matse sai jiki ya aiko da waɗansu ƙwayoyin halitta masu rushe ƙashi, a inda ya miƙe kuma sai waɗansu masu gina shi su kama aiki, ta haka ramin da haƙorin ke ciki yake gusawa tare da shi. Misalinsa kamar turke ne da ake so a matsar ba a cire shi ba, ana yashe ƙasa a gabansa ana cike ta bayansa. Ke nan ita waya ishara kawai take yi, jiki ne ke ɗauke da dukkan wahalar, kuma jiki ba ya amsa wannan ishara sai ta zo da sauƙi ta kuma dawwama. Nauyin da ake bukata ɗan kaɗan ne, galibi daga giram 35 zuwa 120 gwargwadon irin tafiyar da ake so haƙorin ya yi. In aka wuce haddi sai jijiyoyin jinin su toshe, tantanin ya mutu a wurin, tafiya ta tsaya cik har sai jiki ya share abin da ya mutu, wani lokaci ma saiwar kanta ta zaizaye. Saboda haka ne haƙori ba ya wuce kimanin milimita guda a wata, aikin duka yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma maras lafiyan da ke roƙon likita ya ƙara ɗaure waya don a gama da wuri, jinkiri yake roƙa wa kansa bai sani ba.

Wanda ya mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa shi ne Edward Angle na Amurka, wanda ya kasa karkatar haƙora gida uku a 1899, ya buɗe makarantarsa a birnin St. Louis a 1900, a 1928 kuma ya fito da ƙarfe mai tsaga a kwance wanda daga gare shi na yau suka samo asali. Abin da ya gina rabe-rabensa a kai ya cancanci iyaye su tsaya a kansa, wato turmin farko na dindindin. Wannan haƙori yana tsirowa ne wajen shekara shida, can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba; don haka iyaye da yawa ke ƙidaya shi cikin waɗanda za su tafi da famfara, su bar shi ya yi kogo, alhali da shi yaron zai tauna tuwo har tsufa. Su ma haƙoran yarinta guda 20 ɗin ba abin wasa ba ne, domin kowannensu yana tsare wa magajinsa gurbi. Idan alawa da lemon kwalba suka cinye turmin yaro aka cire shi kafin lokacinsa, sai na bayansa ya gusa ya cike gurbin, magajin ya zo ya rasa wuri ya hau kan ɗan'uwansa. Tsotson yatsa kuwa, in ya zarce har fitowar haƙoran dindindin, shawarar Celsus ce aka juya ta baibai.

Ita wayar da ake fara aiki da ita a yau, asalinta ba ya da alaƙa da baki ko kaɗan. William Buehler ne ya gano ƙarfen da ake yin ta da shi a 1959, a wani ɗakin binciken makamai na sojan ruwan Amurka, daga gamin ƙarafa biyu, nikel da titaniyam. Ɗabi'arta kuwa ita ce, duk yadda aka lanƙwasa ta, sai ta nemi komawa siffarta ta fari. A farkon shekarun 1970 George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da ita aikin haƙori. Likita yakan tanƙwara ta ya cusa a tsagar kowane haƙori kome karkatarsa, ita kuma ta yi ta neman miƙewa dare da rana, da ƙarfi kaɗan wanda ba ya yankewa, daidai abin da tantanin nan ke so.

Sai dai ƙarfen yana da haƙƙi a kan mai shi. Kowane lungu nasa maɓoyar abinci ne, kuma dauɗar da ta kwana a gefensa tana fitar da tsami mai cin rufin haƙori, har ran da aka ɓamɓare ƙarafan a tarar da farin tabo kewaye da gurbin kowanne, haƙora sun miƙe amma sun ɓaci. Wajibi ne a goge baki sau biyu a yini, musamman kafin barci, da buroshi mai taushi da man da ke da sinadarin fuloraid, a bi saman waya da ƙarƙashinta da bakin dasashi, a tofar da kumfa ba a kurkure ba. Asuwaki, wanda malamanmu na Malikiyya suka lissafa cikin mustahabban alwala, yana da amfaninsa a kowane hali, illa dai ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai an haɗa da ɗan mitsitsin buroshin da aka yi domin tsakankanin haƙora. Rake da aya da goro da kilishi da gurguran ƙashi kuma sai a yi musu sallama zuwa wani lokaci.

A nan akwai abin da ya bambanta mu da Turawa, domin wushiryar da likitocinsu ke yawan rufewa, a wurinmu kyau ce da ake yabo, kuma a ganina wanda Allah ya ba shi ita, in ba ta hana shi tauna ko magana ba, ba shi da bukatar likita a kanta. Hadisi ya tabbata daga Abdullahi ɗan Mas'udu a kan hana feƙe haƙora don a ƙirƙiri wushirya saboda ado. Amma malamai da yawa na wannan zamani sun rarrabe tsakanin canza halitta da kawar da aibi, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja ɗan As'adu, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya. Abin da ya fi ƙarfin wauta shi ne mutum ya ɗaura wa haƙoransa na gaba zoben roba da kansa don ya haɗe su, domin saiwa tsukewa take yi zuwa ƙarshenta, sai robar ta silale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta yi ta yanke tantanin ba a gani, har haƙoran biyu su yi girgiɗi su zube.

Babba ma yana iya sa ƙarfen nan ko ya haura shekara hamsin, tun da ƙashi ba ya daina rushewa da ginuwa muddin rai. Sharaɗin kawai shi ne dasashinsa ya zama lafiyayye, gama tura haƙorin da ciwon dasashi ya riga ya cinye ƙashin gindinsa gaggauta faɗuwarsa ne. Ranar cire ƙarfe kuma ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin zaruruwan dasashi da aka miƙar suna daɗewa suna ja da baya, sabon ƙashin kuma bai gama ƙwari ba. Shi ya sa likita kan manna wata 'yar waya a bayan haƙoran gaba, ta wajen harshe, ko ya ba da wani murfin roba mai haske wanda aka zuba bisa siffar bakin mutum, a riƙa sa shi kullum da fari, daga baya a koma sa shi da dare kaɗai, shekara da shekaru.