Tsohuwar Kwamfuta, Sabon SSD

Idan kwamfuta tana nawa wajen tashi, sau da yawa faifan ajiyarta ne sila. Faifan HDD yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, alhali babu abin da ke motsi a cikin SSD. SSD nau'in SATA yakan karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa.

Idan za a maye gurbin HDD da SSD, ba sai an ɗora Windows daga farko ba. Mai gyara yakan jona SSD da wayar USB, ya kwafe tsohon faifan ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce, sannan ya musanya su. Sai dai Clonezilla tana so sabon faifan ya kai girman tsohon.

Kafin a fara, a adana hotuna da muhimman takardu a wani waje daban.